Jirgin yaƙi ko bindigar kakkaɓo jirgi: wanne za mu saya a wasanmu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da abokaina muna wasan labari na kan tebur duk Asabar a Kawo, kowa da mutumin da yake wakilta, ni kuma nake jan labarin. Duniyar wasan Kaduna ce, shekara 20 bayan komai ya rushe, babu wuta babu gwamnati. Dukiyar da suka tara abu ɗaya za ta iya saya: ko su gyara jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet da suka tarar a sansanin sojin sama, ko su mallaki bindigar kakkaɓo jirage. Gardama ta ƙi ƙarewa. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, na ji daɗi da kuka kafa labarinku a garinmu. Ka ce musu su bar jirgin nan inda suka same shi.

Jirgin da ya shekara 20 a ajiye, robobinsa sun bushe, tayoyinsa sun tsattsage, injinansa biyu kuma ba abin da makaniken mota zai kwance ba ne. Ko ya tashi, yana buƙatar doguwar kwalta mai tsabta, don tsakuwa ɗaya in injin ya zuƙe ta, magana ta ƙare. Sai babbar matsalar: mai. Man jirgin yaƙi ɗan'uwan kananzir ne. Wani zai ce ai ga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. To amma an gina ta ne a kan a riƙa turo mata ɗanyen mai ta bututu daga Kudu. Wa zai turo shi a duniyarku?

Su sayi bindigar. Ka ba su irin ZU-23-2 ta Tarayyar Sobiyet, mai baki biyu da harsashin milimita 23. Ba ta neman lantarki, ana jan ta a kan ƙafa biyu ko a ɗora ta bayan mota, tana kuma kai wa kusan kilomita biyu da rabi. A girke ta a bakin gadar Kogin Kaduna, ta tsare sama ta tsare hanya. Sai dai ka riƙa ƙirga musu harsashi, don a nan daɗin wasan yake. Kada su ɓata dukiya kan makami mai linzami na kafaɗa, batirinsa ya daɗe da mutuwa.

In kuwa ransu ya nace sai sun tashi sama, ka ɓoye musu Air Beetle a wata rumfa, ƙaramin jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa a nan Kaduna a shekarun 1990. Injinsa mai fistin ne, 'yan Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da gyare-gyare ta Kaduna, za su gane kansa. Ya isa leƙen asiri da kai saƙo Zariya.

Kar ka manta da hazo. Da hunturu ya kama, mai bindiga da ido yake saiti, don haka ka rage masa maki duk sanda ya jefa ɗan lido.