Tambaya da Amsa: Allah Nawa Kirista Ke Bauta Wa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni Musulmi ne, ina sayar da yadi a Babbar Kasuwar Sakkwato. Maƙwabcina na shago Kirista ne, shekara 14 muna tare, watan jiya Allah ya yi masa rasuwa. Na je jana'iza. Na ji fasto ya ce Allah ɗaya ne, can kuma ya rufe addu'a da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai kaina ya ɗaure. Mata kuma suna ta waƙa ga gawa a ajiye. Ba gardama nake nema ba, sani nake so. Allah nawa kuke bauta wa? Me ake nufi da Ɗan Allah? Kuma mene ne dalilin gicciye?

AMSA: Amin wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba ku haƙurin rashin. Ka kyauta da ka raka shi, ka kuma kyauta da ka kawo tambayar wurin masu abin maimakon ka tsaya kan ji-ta-ji-ta. Ni Kirista ne, na daɗe ina koyar da tauhidi, zan faɗa maka yadda muka gaskata ba tare da na rage komai don ya yi maka daɗin ji ba.

Allah ɗaya muke bauta wa. Kiristan da ya ce alloli uku ne ya fita daga koyarwar addininsa. A cikin Attaura, Kubawar Shari'a 6:4, an ce wa Isra'ila su ji, Ubangiji Allahnsu ɗaya ne, kuma da aka tambayi Yesu wace doka ce mafi girma, da wannan ayar ya fara amsa, kamar yadda yake a Markus 12:29. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakke a 1932 da sunan Allah ya fito, shi ne kuma sunan da kakata take kira in ta durƙusa kan tabarma da asuba.

To ina Uba da Ɗa da Ruhu suka shigo? Almajiran Yesu na farko Yahudawa ne, mutanen da suka gwammace a kashe su da su rusuna wa gunki. Sai ga su tare da mutumin da ke gafarta zunubi da bakinsa, abin da malaman zamanin suka ce na Allah ne kaɗai. Suka ga ya mutu, suka gan shi da rai, har Toma, wanda ya fi kowa shakka, ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa. Ba su saki kaɗaitakar Allah ba, ba su kuma iya musun abin da idonsu ya gani ba. Koyarwar da ake kira Triniti, wato Uku-cikin-Ɗaya, ƙoƙarin riƙe waɗannan biyun ne a hannu guda. Kalmar kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Wani malami a Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, mai suna Tartuliyan, yana cikin na farkon da suka yi amfani da ita wajen shekara ta 200. Amma abin da take nufi yana nan: a Matiyu 28:19 an ce a yi baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, cikin suna, suna guda, na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ma'anar ita ce zatin Allah ɗaya ne, ba ya rabuwa. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba. A nan Hausa takan ba mu wuya, domin in mai wa'azi ya ce "mutum uku", sai mai sauraro ya hango mutane uku zaune a zaure. Ba haka ba ne. Ina kuma hana ɗalibaina misalin ruwa da ƙanƙara da tururi, don yana nuna kamar Allah canja kama yake yi, ikilisiya kuwa, wato jama'ar Kirista, ta ƙi wannan fahimtar tun da daɗewa. Babu misalin da ya ishe shi. Kai ma ka san Mahalicci bai yi kama da abin da ya halitta ba.

An sha gumi kafin a tsayar da lafazin. Wani limamin coci a Iskandariya ta Masar, Ariyus, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Rigima ta yi tsanani har sarkin Rum, Konstantin, ya tara bishop-bishop fiye da 200 a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a shekara ta 325. Suka yanke cewa Ɗan haifaffe ne, ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da Uba. Atanasiyus, wanda daga baya ya zama bishop na Iskandariya, ya kuma tsaya kan wannan, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. A 381 aka sake zama a Konstantinoful, Istanbul ta yau, aka cika bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Wannan shaidar bangaskiya ce ake karantawa har gobe, farkonta kuwa shi ne an gaskata da Allah ɗaya.

Yanzu ga wadda na san ta fi yi maka nauyi a kunne, Ɗan Allah. Alhaji, wallahi babu Kirista mai ilimi da ya gaskata Allah ya yi aure ko ya kusanci mace. Wannan saɓo ne a wurinmu kamar yadda yake a wurinku. Maryamu budurwa ce ta ɗauki ciki da ikon Ruhu Mai Tsarki, haka Luka 1:35 ya nuna, kuma ba ta cikin Triniti, ko a wurin 'yan Katolika da suke girmama ta ƙwarai. Dubi harshenmu. Ana ce maka ɗan kasuwa, ana ce maka ɗan Sakkwato, ba wanda ya taɓa tambayar wace ce matar Sakkwato. Kalmar ɗa tana nuna asali da dangantaka. Sai dai kada in yaudare ka, abin da muke nufi ya zarce wannan. Farkon Bisharar Yahaya, almajirin Yesu, ya kira Yesu Kalma, wanda yake tare da Allah tun fil azal, kuma shi Allah ne, sannan Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Maganarka daga cikinka take fitowa, ita ke bayyana abin da ke ranka. Babu lokacin da Allah yake ba shi da Kalmarsa. Saboda haka muke cewa Yesu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru.

Gicciye kuwa, kai ɗan kasuwa ne, za ka gane da sauri. Yaro ya karɓi dilar atamfa bashi, kaya suka salwanta, ba shi da ko sisi. In mai kaya ya ce ya yafe, asarar ba ta ɓace ba, shi ya ɗauke ta a aljihunsa. Mun gaskata zunubi bashi ne da ɗan Adam ba ya iya biya da ayyukansa, Allah kuma mai adalci ne, mai jinƙai ne, sai ya ɗauki biyan a kansa. An gicciye Yesu a Urushalima ranar Juma'a, zamanin Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, ya tashi ranar Lahadi. Dalilin sujadarmu ta Lahadi ke nan, da bikin Ista, wanda a tauhidi ya fi Kirsimeti nauyi. Manzo Bulus bai ɓoye ba, a 1 Korantiyawa 15 ya ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce. Ceto kyauta ne, alheri ne da ake karɓa ta bangaskiya, amma wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Kiristan da ke tauye awo yana cewa an riga an biya masa bai fahimci komai ba.

A nan muka rabu da ku, kuma ba na son masu shafe bambancin don neman a zauna lafiya. Mun haɗu kan haihuwar budurwa, da mu'ujizai, da dawowar Yesu, da ranar hisabi. Amma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ya ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, mu kuwa a kan mutuwarsa da tashinsa muka kafa komai. Shekara 14 da kuka yi kuna tsare wa juna shago ba ta buƙaci ɗayanku ya yi ƙarya kan addininsa ba.

Coci-coci da kake gani a gari, Katolika da babban cocinsu na Holy Family, inda Matthew Hassan Kukah yake bishop tun 2011, da Angalika, da ECWA wadda ta fito daga mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), sun saɓa kan shugabanci da tsarin sujada, har da yawan littattafai, 73 a wurin Katolika, 66 a wurin sauran. A kan abin da na faɗa maka a sama bakinsu ɗaya.

Waƙar da ka ji kuwa, na san ta. 'Yan zumuntar mata ne cikin zanensu iri ɗaya, ɗaya tana buga bakin tulu da tafin hannu, wata tana rerawa hawaye na zuba. Baƙin cikin na gaske ne. Suna waƙa ne don sun gaskata wanda ya tashi daga kabari zai ta da nasa a ranar ƙarshe. In ka koma gaida iyalinsa, "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari" ya wadatar, za su amsa maka da amin.