Amsa kan maganar buɗe waya idan an kama mutum

Salamu alaikum jama'a. To Malam, na ji tambayarka, wai in an kama mutum aka ce ya faɗi lambar sirrin wayarsa dole ne ya faɗa? Ni na san ba kotu kake nufi ba, shingen hanya kake nufi.

Ka ga, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 35 ƙaramin sashe na 2, wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauyansa ko wani da ya zaɓa. Sashe na 36 ƙaramin sashe na 11 kuma, ba a tilasta wa wanda ake tuhuma ya ba da shaida a shari'arsa. To lambar nan ina take? A kanka take. In ka furta ta ai magana ka yi, kuma ka amsa da bakinka cewa wayar taka ce.

Amma kar wani ya je ya ce na ce ba mai iya buɗe waya, a'a. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ba alƙali ikon ba da waranti a bincika na'ura, har jami'an tsaro su fasa makullin da kayan aikinsu. Alƙali fa na ce, ba wanda ya tare ka a titi ba.

Ƙanina aka tare yana dawowa daga kasuwa, ba waranti ba komai, aka kama hannunsa aka danna yatsan a kan wayar, suka tsaya suna karanta hirarsa da matarsa, matarsa fa ta aure, suka ga alat suka ce ina ya samu kuɗi, kuɗin adashe ne wallahi, yaron nan kwana biyu bai iya cin abinci ba, har yau abin yana ci min rai.

Ko a Amurka ma ba su daidaita ba, kotun ƙolin jihar Pennsylvania a 2019 ta ce ba a tilasta wa mutum ya faɗi lambar, ta New Jersey a 2020 ta ce a tilasta. Ingila kuwa in an ba ka takarda a hukumance ka ƙi ba da lambar, ɗaurin har shekara 2 ne, in harkar tsaron ƙasa ce 5. Sai dai mu bar wannan, ba can muke ba.

Yawwa, yatsan nan. In ka hango shinge ka kashe wayar gaba ɗaya, in ta tashi ba ta karɓar yatsa ko fuska sai lamba. Kuma ka yi magana da ladabi, ka ce ranka ya daɗe sai lauyana ya zo.