Kafin ka sayi pawa miksa, juya bayan sifikunka ka karanta

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, muna wurin aiki ne, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da sifiku biyu masu inci 15, kana taɓa harkar sauti a walima da saukar Alƙur'ani da ƙananan bukukuwan unguwa, kuma ka gaji da hayar amfilifaya. Ka shiga kasuwa ka ga pawa miksa, wato na'urar haɗa sauti mai amfilifaya a cikinta, sabuwa dal a kwali an rubuta mata wat 5000, ka kuma ga wata ta hannu mai wat 500 kacal amma ta fi sabuwar tsada, shi ne kake tambaya wacce za ka ɗauka. Na ga wasu 'yan uwa sun ce maka ka ɗauki mai 5000 tunda ta fi ƙarfi. Don girman Allah ka riƙe kuɗinka tukuna.

Shekarata goma sha huɗu a wannan sana'a, daga ɗaukar sifika a ka ina bin maigidana har Allah ya hore mini nawa kayan, kuma ban ga abin da ya cinye kuɗin sababbin shiga kamar lambar da ake bugawa a jikin kwali ba. Wat iri-iri ne. Akwai wanda ake rubutawa RMS, shi ne ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa tana ci gaba da aiki ba tare da ta shaƙe ba, kuma shi kaɗai muke kallo. Akwai kuma PMPO, wanda ba shi da wani ma'auni tsayayye da kamfanoni suka yarda da shi, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Ka yi wannan lissafin da kanka. Wutarmu bolt 230 ce, filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi fiyus ɗinsa am 13 ne. In ka ninka 230 sau 13 za ka samu kusan wat 3000, iyakar abin da soket ɗin bango zai iya ba ka ke nan. To ta ina akwatin da za ka ɗaga da hannu ɗaya zai fitar da 5000? Ka zare ɗan fiyus ɗin da ke bayanta ka duba, sau da yawa za ka tarar am 3 ne ko 5. Ita kuwa mai 500 ɗin, in irin su Yamaha EMX512SC ce ta asali, abin da kamfanin ya rubuta shi ne wat 500 a kowane ɓangare, hagu da dama, a kan om 4. In aka jona su gefe da gefe a fili, kunnenka ne zai raba gardama.

Na ambaci om, wato ma'aunin turjiyar da sifika take yi wa wutar amfilifaya, kuma a nan nake so ka fi nutsuwa, domin shi ne bai fito a tambayarka ba. Ka juya bayan sifikunka, wurin da ake soka waya, za ka ga an rubuta om 8 ko om 4. Yawancin masu inci 15 da ke hannun mutanenmu om 8 ne. Idan ka jona sifika ɗaya mai om 8 a ɓangare ɗaya, miksar tana ganin om 8. Idan ka ɗauko waya daga bayan wannan sifikar ka kai wa ta biyu, sun koma om 4. Ka ƙara ta uku, sun sauko ƙasa da om 3. Ta huɗu, om 2. Duk sifikar da ka ƙara, lambar sauka take yi, nauyin da ke kan amfilifayar yana ƙaruwa. Galibin pawa miksa an rubuta a bayansu cewa kada a sauka ƙasa da om 4 a kowane ɓangare. Ma'ana sifiku biyu masu om 8 a hagu, biyu a dama, an rufe ƙofa.

Ni da kuɗina na koyi wannan. A shekarata ta biyu da fara cin gashin kaina aka kira ni saukar wata Islamiyya. Da na je na ga filin ya fi yadda aka faɗa mini, mata a can gefe bayan labule, maza sun cika har bakin titi. Sai na aro sifiku huɗu a wurin wani abokin sana'a na ƙara a kan nawa biyu, na jera uku-uku a kowane ɓangare. Da farko komai lafiya lau. Wajen ƙarfe sha biyu rana ta take, wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha ɗaya ta karɓi makirfo ta fara karatun allonta, muryarta tana rawa, mahaifinta yana tsaye a gaba yana share hawaye. Ba ta kai aya ta biyar ba na ji ƙauri. Na ɗora hannu a kan miksar na janye da sauri, sai ɗif. Yarinyar ta ci gaba da karatu ba wanda yake jinta sai malaman da ke kusa. Kuɗin gyara na biya na manta, amma fuskar mahaifin nan da ya juyo yana dubana har yau tana raina. Ranar guda ɗaya ce a rayuwar yarinyar, ba a maimaita ta. Laifin ba na na'urar ba ne, an rubuta om 4 ɓaro-ɓaro a bayanta, ni ne ban san me ake nufi ba.

Akwai wani abin kuma. Wat ɗin da aka rubuta a kan om 4 ba shi za ka samu a kan om 8 ba. Mai ba da 500 a om 4, in ka sa mata sifika ɗaya mai om 8 a kowane gefe, abin da zai isa sifikar yana tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na wancan. Don haka ka duba wat RMS na sifikarka, ka nemi miksar da ƙarfinta a kan om 8 ya kai wannan ko ya ɗan ɗara. Mutane suna tsoron babbar amfilifaya za ta ƙona sifika, amma twitoci, wato ƙananan sifikun da ke fitar da siririn sauti, waɗanda na gani sun ƙone a hannun yaranmu, mafi yawansu ƙaramar amfilifaya ce aka matsa wa lamba. Ƙarfinta ya ƙare, mai aiki yana ta ƙara murɗawa, jar fitilar nan ta gaba ta kama ta zauna, sauti ya fara tsagewa, to a lokacin ne kwayil ɗin twita yake dahuwa. Jar fitila ta riƙa ƙiftawa jefi-jefi ba komai. In ta zauna daram, rage.

Kada kuma ka ɗauka ninka wat shi ne ninka ƙara. Daga 250 zuwa 500 desibel 3 kawai ka ƙaru a ma'aunin ƙarar sauti, kunne zai ji an ɗan ɗaga, shi ke nan. Kafin mutum ya ce sauti ya ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. A fili kuwa, inda ba bango, duk lokacin da nisa ya ninka sauti yana faɗuwa da desibel 6. Shi ya sa ɗora sifika a kan sanda ta wuce kawunan mutane ya fi ƙarin wat ɗari biyu amfani. Jikin mutane da manyan riguna shanye sauti suke yi, sifikar da aka ajiye a ƙasa 'yan sahun gaba kawai take kurmantarwa.

Sai ka dubi irin aikinka ka ƙirga ramukan makirfo. A sauka ko walima kana buƙatar na mai gabatarwa, na malami mai wa'azi, biyu na ɗalibai, wataƙila da maras waya guda ɗaya, ga kuma wayar hannu ko filash da za a sa ƙasida kafin a fara. In masu mandiri za su zo, ƙara uku. Kada ka sayi mai ƙasa da ramuka takwas, kuma ka ƙirga masu ƙafa uku na XLR da idonka, domin wasu za a ce maka layi goma sha biyu ne, ka duba ka ga na makirfo shida ne kawai. Ka tabbata tana da ikwalaiza mai 'yan sanduna a kalla bakwai, da ita za ka kashe kukan nan na ƙiii da ke tashi in malami ya matso kusa da sifika, ko da yake babban maganinsa shi ne sifiku su kasance a gaban masu magana suna kallon jama'a. Eko kowa yana so, mawaƙa da masu bege ba sa yarda sai da shi, amma ka nemi wadda kowane layi yake da maɓallin ekonsa daban, don ka ba mai waƙa ka hana mai wa'azi. Karatu da jawabi in eko ya yi yawa kalmomi hawa kan juna suke yi, dattawa su tashi ba su fahimci komai ba. Maɓallin bolt 48 kuma na makirfo kondensa ne, in ba ka da irinsa ka bar shi a kashe.

Rami ɗaya nake roƙonka kada ka sayi miksar da ba ta da shi: wanda ke fitar da sauti kafin ya shiga amfilifayar ciki, za ka ga an rubuta MAIN OUT ko makamancinsa. Yau sifiku biyu gare ka, in Allah ya buɗa gobe za ka so ƙarin bes, ko a kira ka babban maulidi. Da wannan ramin za ka jona wata amfilifayar daban ko sifika mai amfilifaya a cikinta, miksarka ta ci gaba da aiki. Amma ka kiyaye, kada ka taɓa ɗaukar waya daga ramin sifika ka kai ta mashigar wata amfilifaya, take za ka yi asara. Haka nan hon irin na masallaci, waɗanda ake haɗawa da amfilifayar Ahuja ko TOA, don murya aka yi su, wasu ma ta layin bolt 100 ake jona su. In ka ɗura musu bes daga pawa miksa ba za su kai la'asar ba.

Yanzu maganar wuta, wadda a ƙasar nan ita ce rabin sana'ar. Kayan hannu da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne. Ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta take shiga. In 120 kaɗai ka gani, sai da tiransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya isa, kuma ranar da yaronka ya manta ya soka ta kai tsaye, ta tafi. Ni dai ba na sayen irinsu saboda ba kullum nake tsaye a kan kaya ba. Ƙaramin janareta mai cin fetur haɗe da baƙin mai kuma kada ka yarda da shi, wutarsa hawa da sauka take yi, da bes ya buga za ka ga fitila ta dushe. Ka nemi mai AVR, wato na'urar daidaita wuta, wanda ƙarfinsa ya ɗara abin da kake ja sosai, kuma kada ka bari a jona firiza ko hitar ruwa a layinka. Masu biki za su zo da fara'a su ce ɗan firjin lemo ne kawai, ka ba su haƙuri. Kafin a tayar da inji ko a kashe, ko za a juya daga NEPA zuwa janareta, sauke babban maɓallin ƙara ka kashe miksar tukuna.

Za ka ga iri biyu a kasuwa, masu nauyi da ke da babbar tiransifoma a ciki, da sababbin marasa nauyi da ake kira Class D. Marasa nauyin ba sa zafi sosai, ba sa shan wuta da yawa, bayanka ma zai huta. Amma ni a nawa ganin, ga mai farawa da ke aiki da janareta, tsohuwa mai nauyi ta fi kwanciyar hankali, don kusan duk mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone, sabuwar kuwa sau da yawa sai an nemo allon gaba ɗaya. Kafin ka biya, ka tambayi mai gyaran da kake zuwa wurinsa ko yana samun kayan wannan samfurin. Tsofaffin Peavey XR da Yamaha EMX da Behringer PMP duk suna yawo a hannun mutane, daga Sabon Gari a Kano har Alaba a Legas. Sai dai jabu sun yi yawa, ana liƙa babban suna a kan akwatin da bai san kamfanin ba. Ka buɗe shafin kamfanin a wayarka, ka nemi lambar samfurin, ka gwada hoton gaba da baya da abin da ke gabanka. In lambar ma babu ita a shafinsu, ka san inda aka dosa.

Ranar saye ka ɗauki sifikarka ɗaya a Keke Napep, da makirfonka da wayarka, ka je da su. Kada ka yarda da gwajin minti biyu a kan sifikar mai shago. Ka soka makirfo a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, ka murɗa kowane maɓalli kana saurare ko zai yi ƙarar yashi. Ka gwada hagu daban, dama daban, don ana sayar da wadda ɓangare ɗaya ya mutu a haɗe wayoyin ta ciki. Ka kashe kiɗa ka ɗaga ƙara ka ji ko tana gurnani. Sannan ka bar ta tana aiki da ƙarfi kamar minti talatin, ka tabbata fankarta tana juyawa, ka taɓa jikinta, ka shinshina ramukan iska. Ka dubi kan kusoshi, in sun sha sukundireba an buɗe ta ba sau ɗaya ba, sai ka tambayi abin da aka gyara. Mai kayan kirki ba zai hana ka wannan ba.

Gaskiya ɗaya game da pawa miksa ita ce komai a akwati ɗaya yake, in ta tsaya taro ya tsaya. Shi ya sa har yau ina ajiye ƙaramar amfilifaya mai aiki da batirin mota a cikin kayana, ko ba komai malami zai ƙarasa addu'a. Kuma ka riƙa kare ta daga rana, zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta kashe kanta, ka kuma sa a hure mata ƙura bayan hunturu, don ƙurar da ke toshe ramukan iska tana kashe kaya a hankali. Wayar sifika ka sayi mai kauri, milimita 2.5, ta jan ƙarfe zalla, ba siririyar wayar fitila ba.

In ta hannun nan ta asali ce, ta bolt 230 ce, kuma ta ci gwajin da na faɗa, ita za ka ɗauka ko da za ka ƙara wata guda kana tara cikon kuɗin. Ka ɗauko hoton bayan sifikunka inda aka rubuta om da wat, da hoton bayan miksar guda biyu, ka turo nan kafin ka biya ko sisi, in sha Allahu zan duba maka bayan sallar isha'i.