Neman wa ɗana gurbin nazire ya hana ni barci, ɗinki kaɗai ke sanyaya mini rai

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana ya kusa cika shekara uku. Na sayi fom a makarantun kuɗi biyu a nan Kaduna, ɗaya ta ce sai an yi masa intabiyu, har yau shiru. Ko ABCD bai iya ba, ga 'yar maƙwabciyata, sa'arsa, tana ƙirga har ashirin. Tunani ya hana ni barci. Ba na samun sauƙi sai na hau keken ɗinki, ko na zauna ina naɗa furannin takarda. Yayar maigidana ta ce ɓata lokaci nake yi, gara in zaunar da shi in koya masa karatu. Shin da gaskiyarta? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki ajiye keken nan, kuma kada ki zaunar da ɗan shekara uku kina tilasta masa hadda.

Ɗanki bai makara ba. A tsarin ilimin Najeriya yaro na shiga aji ɗaya na firamare ne yana da shekara 6, kuma shekara guda kafin nan ita ce ta share fage, wadda iyayenmu ke kira rabin aji. Kin ga ke nan akwai sauran lokaci mai yawa a gabansa. Ƙirgen da 'yar maƙwabciyarki take yi abin sha'awa ne, amma yawancin yara a wannan shekarun rera shi suke yi kawai. Ki zube mata dabino biyar ki ce ta miƙo uku, a nan ake gane ko ta san abin da take faɗa.

Intabiyun ma ba abin tashin hankali ba ne. Malamar da ta san aikinta za ta duba ne ko yaro na amsa sunansa, ko yana iya cewa zai yi fitsari, ko zai yarda ya ɗan rabu da uwarsa, ko yana bin umarni mai sauƙi irin "ɗauko takalminka". Makarantar da za ta kori ɗan shekara uku don bai iya rubutu ba, ni ban ga asarar da kika yi ba in ta ƙi shi. Ke ma ki je ki yi musu taku tambayar: yara nawa ne a hannun malama ɗaya, ina ban-ɗakin, akwai filin wasa, ana dukan yara? Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana da barcin awa 10 zuwa 13. Makarantar da za ta sa a tashe shi da asuba saboda nisa, sannan ya wuni a kan benci, ba ta dace da shi ba komai sunanta. Ki haɗa takardar haihuwa da katin rigakafi a jaka ɗaya, ki nemi wata makaranta ta kusa da gida, ki je ki tambaya da bakinki maimakon zaman jiran waya.

Sai batun ɗinkin, wanda shi na fi so ki ji da kyau. Abin da ke cin ranki hukunci ne da ke hannun wasu. Ɗinki kuwa a hannunki yake daga yanka har zuwa kalmasa, kuma kina ganin ƙarshensa. Ido na kan allura, ƙafa na taka keke, sai zuciya ta samu abin riƙewa ta saki saƙe-saƙen da take yi. Uwar da ta huce ta fi iya haƙuri da ƙiriniyar yaro, kuma yaro na karanta fargaba a fuskar uwarsa tun kafin ta yi magana.

Ki faɗa wa yayarku wannan cikin ladabi: Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna kindagatin a 1840, naɗa takarda da yanka ta da ɗinki a kan kwali na cikin ayyukan da ya tsara wa yara. Yatsun da za su riƙe fensir da irin wannan suke ƙwari. Don haka ki jawo shi kusa. Ki huda kwali ki ba shi igiyar takalmi ya riƙa zurawa. Ya yayyaga takarda ya manna da gam, ya ware miki ƙyallayen atamfa, ja gefe guda, shuɗi gefe guda, kuna hira da Hausa kina faɗa masa sunan kowane launi. Minti goma ya isa, in ya gaji ki ƙyale shi. Allura da reza da maɓallai dai ki ɗaga su inda hannunsa ba zai kai ba.

Amma ki bar wa kanki wani lokacin ke kaɗai, bayan ya yi barci, ba tare da kin mai da shi darasi ba. In kuma rashin barcin ya haura mako biyu, ko abinci ya fita ranki, ko gabanki na yawan faɗuwa, ko ɗinkin ma ya daina yi miki daɗi, to ki je asibiti ki ga likita, ki kuma sanar da maigidanki. Allah ya zaɓa wa yaron makaranta mai albarka.