Muryar amsa: kafin ka sayi jirgin kanal ɗin nan

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, inji na tayar ina cajin batir. Bari in shiga ciki in ja ƙofa. Yauwa.

To ƙanena, na saurari muryar da ka ajiye jiya da daddare. Ka ce kuɗin haya a Landan ya kai maka iya wuya, ka ga wani jirgin kanal a Facebook mai tsawon ƙafa 45, mai shi yana gaggawar sayarwa, kuma ka ji an ce ni a jirgi nake kwana, shi ne kake tambaya ko ka saya. Na fara rubutu, na ga abin ya fi ƙarfin yatsa. Wanda ba ruwansa da zancen jirgi ya tsallake, ba zan ji haushi ba.

Saboda waɗanda ba su sani ba, kanal ɗin nan ba na soja ba ne. Hanyar ruwa ce da Turawa suka haƙa da hannu tun kafin zuwan jirgin ƙasa, a loda kwal a jirgi, doki yana ja daga gefe. Ta Bridgewater a 1761 aka buɗe ta. Ni yanzu ina kan Grand Union, wadda ta tashi daga Landan har Birmingham, mil 137. Jirgin siriri ne, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, don ya iya shiga tsofaffin ƙofofin ruwa masu faɗin ƙafa 7, wato inda ake rufe jirgi a ciki, a ƙara ruwa ko a rage, don ya hau tudu ko ya sauka. In na tsaya a tsakiyar ɗaki na ware hannuwa, saura ƙiris in taɓa bango biyu.

Ƙanena, hotunan da ka turo na gani. Labule mai kyau, fenti sabo, har da fulawa a kan rufi. Duk wannan saman ruwa ne. Kuɗinka yana ƙarƙashin ruwa, inda hoto ba ya kaiwa. Jirgin nan ƙarfe ne, kuma ƙarfen da ya shekara 30 a jiƙe ka san tsatsa ba ta bar shi haka nan ba. Yawancin na zamani ana ƙera su da milimita 10 a gindi, 6 a gefe, 4 a sama, tsofaffi kuwa da yawa tun asali ba su kai haka ba. Kada ka ba da ko fam ɗaya sai an fito da shi tudu, ka ɗauko mai dubawa naka na kanka, ba wanda mai jirgi ya kawo ba, ya bi shi da na'ura ya auna kaurin da ya rage. In mai shi ya ce ba lokaci, akwai wani yana jira da kuɗi a hannu, ka yi masa fatan alheri ka kama gabanka. Araha ba ta ado. Ka kuma tambaye shi yaushe aka shafa masa baƙin kwalta, don duk shekara 2 ko 3 ake fito da jirgi a kankare a sake shafawa, a duba dunƙulen ƙarfen nan da ake liƙawa a jiki don su ci lalacewa a madadin jirgin.

Sai inji. Nan ne ka ce kana jin tsoro, ni kuwa nan ne na fi samun kwanciyar hankali. Duk wanda ya tashi a gidan da ake fama da janareta ya riga ya yi rabin karatun. Wallahi ranar da na fara leƙa wani tsohon jirgi na ga Lister a zaune, dariya ta kama ni, na ce ashe kai ne a nan? Lister ɗin nan dai da muka sani a wajen masu niƙa, mai tuf-tuf-tuf. Nawa Beta ne, asalinsa injin Kubota aka gyara shi don ruwa. Ba shi da lagireto irin na mota. Akwai wani siririn tanki da aka yi wa walda a jikin jirgin ta ciki, ruwan inji ya bi ta nan, sanyin kanal ya huce shi ta bayan ƙarfe. Baƙin mai da filta duk awa 250 nake canzawa, da awa ake lissafi ba da mil ba. Kullum kafin in murza makulli sai na zaro sandar mai na duba, na leƙa ruwa, na danna fambel da babban yatsa. Minti 5 ne, kuma fambel ɗin nan in ya saki batir ba zai sha caji ba, kai kuma ba za ka sani ba sai dare ya yi fitila ta fara lumshe ido.

Abin da ya fi kashe inji a nan ruwa ne a cikin dizal. Da hunturu in ka bar tanki rabi, gumi yana taruwa a ciki ya sauka ƙasa, wata ƙazanta mai yauƙi ta tsiro a tsakanin ruwan da man, ta toshe filta. Sai inji ya mutu maka a tsakiyar hanya, jirgi kuwa ba shi da birki, ribas ne birkinsa. Don haka ka riƙa cika tanki, ka ajiye filta ta ko-ta-kwana, ka koyi cire iska daga layin mai da sifana. Zan nuna maka, ba wuya.

Yanzu ka kasa kunne, wannan a kaina ya faru. A bayan jirgi, daidai saman farfela, akwai wani akwatin ƙarfe mai murfi. In leda ko igiya ta naɗe farfela, sai ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe murfin ka zura hannu har kafaɗa cikin ruwa ka warware. Shekarata ta farko, watan Janairu, wata tsohuwar rigar sanyi ta naɗe min. Na fi rabin awa ina yanka da wuƙar burodi, hannu ya mutu, ba na ma jin yatsuna. Da na gama, ɗoki ya sa na mayar da murfin ban ɗaure shi tamau ba. Na sa giya na ci gaba da tafiya ina jin daɗi. Ashe farfela tana watso ruwa ta wannan ramin kai tsaye cikin ɗakin inji. Allah ne Ya sa na ji famfon kwashe ruwa yana ta kuka ba tsayawa, na ɗaga katakon da nake tsaye a kai, na ga ruwa ya kusa kai gindin inji. Inna lillahi. Jirage da yawa ta nan suka nitse. Har yau in na ɗaure murfin nan, sai na sa giya na sake leƙawa da tocila. Kuma ka wanke hannu da sabulu bayan haka, in da ciwo a hannun ka sa doguwar safa, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwan.

Akwai kuma inda sandar farfela ta huda jirgi ta fita. Wurin yana ɗiga kaɗan-kaɗan, haka aka yi shi. Duk yamma in ka tsaya sai ka murza ɗan famfon giris har ka ji ya yi tauri. Shi ke nan.

Maganar cewa za ka huta da haya, e, za ka huta da mai gida, amma akwai hukuma. Canal & River Trust ce ke riƙe da kusan mil 2,000 tun 2012. Sai da lasisi, sai da inshora, sai da takardar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4. In ba ka da matsaya ta dindindin, wadda a Landan samunta wuya kuɗinta kuma ya kusa haya, to ba ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Kuma tafiya ta gaske suke so, ba ka matsa gada ɗaya ka dawo ba, suna da masu yawo suna rubuta lamba. Tun 2024 ma sun ƙara wa irinmu kuɗi a kan lasisin. Ka lissafa da wurin aikinka: wannan makon tashar jirgin ƙasa tana bakin ƙofarka, mako biyu masu zuwa sai ka taka minti 40 cikin taɓo. Gudunmu kuma mil 4 a awa ne iyaka, mai tafiya a ƙasa yana iya jerawa da kai kuna hira.

Ruwan sha sai ka tuƙa gidanka gaba ɗaya zuwa famfo ka bi layi. Mu masu alwala sau 5 da buta, tankinmu ya fi na maƙwabta saurin ƙarewa, na auna na gani. Bayi kuma, a gafarce ni iyayenmu mata da ke cikin gidan nan, akwati ne kake zarowa ka ɗauka da hannunka ka kai inda ake zubarwa. Wanda bai iya wannan ba, magana ta ƙare tun a nan. Alƙibla ma duk inda ka ɗaure sai ka sake nema, don kanal tana lanƙwasa. Kudu maso gabas ce, amma yau tana wajen murhu, jibi tana wajen ƙofa.

Wuta, sola tana riƙe ni daga Afrilu zuwa Satumba. Da hunturu sai inji, kuma doka ta hana tayar da shi a tsaye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Batir in ƙarfinsa ya sauka ƙasa da volt 12.2 kana cin ransa ne. Murhun kwal yana ɗumama jirgi har ka cire riga, amma don girman Allah kada sanyi ya sa ka toshe ramukan iska. Hayaƙin nan marar wari shi ke kashe mutane cikin barci, shi ya sa tun 2019 aka wajabta na'urar ƙararrawa.

Ni dai shekarata 6 a ciki, kuma ban yi nadama ba. In na idar da asuba na buɗe ƙofa, hazo kwance a kan ruwa, agwagi suna ƙwanƙwasa jikin jirgi da baki suna neman abinci, ba na tuna Landan. Amma ni ina son sifana, kai kuwa ban sani ba tukuna.

Ga abin da za mu yi. Ranar Asabar zan matsa, akwai ƙofofin ruwa 6 a gabana. Ka zo da tsofaffin kaya da takalmin da ba ya santsi, ka kwana biyu. Kai za ka buɗe ƙofofin, kai za ka zura hannu a farfela, akwatin bayin nan ma kai za ka ɗauka. In ka wayi gari Litinin kana so, sai mu je tare mu ga na Facebook ɗin. Af, ga jirgin mai sayar da kwal can yana busa, buhuna ya ƙare tun jiya, bari in tare shi kafin ya wuce. Sai na ji ka.