Sai na bar burodi da taliya kafin in rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Tun haihuwata ta uku jikina ya buɗe, har gwiwoyi sun fara damuna. Ƙawata ta ce muddin ban bar burodi da taliya kwata-kwata ba, ba zan ragu ba. Ga shi a gidanmu da shayi da burodi ake karyawa, taliya kuma ita yara suka fi so da dare. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a. Ba sai kin bar su ba. Jiki na raguwa ne idan abin da kike ci bai kai abin da jikin ke ƙonawa ba, daga alkama ya fito ko daga gero. Wadda ta bar burodi ta koma kan kwanon fura da sukari kullum, ba inda ta je.

Ƙawarki dai tana da 'yar gaskiya. Farin burodi an raba shi da dusar alkama, don haka ba ya riƙe ciki: sukarin jini ya hau da sauri, ya sauko, kafin hantsi yunwa ta dawo. Giram 100 nasa na ɗauke da kalori kamar 265 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki).

Amma ni abin da ake ɗora masa ya fi damuna. Dubi yadda mai shayi ke haɗa shi: a tsaga burodi, a lafta mayonez, a juye ƙwai da ya sha mai, ga kofi da madarar gwangwani da sukari. Babban cokalin mai ɗaya kalori 120 ne, na mayonez kusan 100, ƙwayar sukarin kwali kuma 20. Sau da yawa kayan haɗin sun fi burodin nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙwaya 10, kuma har da na zoɓo da lemun kwalba a lissafin. Ki yanki burodi kamar tsawon tafin hannunki, ki ci da dafaffen ƙwai ko wake, ki rage sukarin shayi da ƙwaya ɗaya-ɗaya har harshe ya saba.

Taliya ta fi burodi sauƙi, domin ba ta ɗaga sukarin jini da saurinsa, musamman idan ba a bar ta ta yi luguf a wuta ba. Matsalarta yawa. Leda ɗaya mai giram 500 kalori kusan 1,800 ce tun ba a sa mai ba, kusan abincin yinin mace guda. Rabonki a ciki kashi ɗaya cikin bakwai ne, abin da idan ya dahu bai wuce dunƙulen hannunki da kaɗan ba. Sauran farantin ki cika shi da kabeji, tumatir da zogale, tunda ga na lambunan Jiratawa, kusa da Maradi, nan a kasuwa, ki ƙara da wake ko kifi. In da mai da yaji za a ci, a auna man da cokali, a ajiye ludayi. Kuma don Allah kada a haɗa taliya da burodi a zama ɗaya.

Abu guda da iyaye mata ba su cika lura da shi ba: ci a tire ɗaya da yara, sannan a share ragowar da suka bari don kada a yi almubazzaranci. Ta nan awo ke lalacewa. Ki zuba naki a faranti daban tun daga tukunya, ragowar a rufe ta sai safe.

Rage rabin kilo na nauyin jiki a mako ya wadatar. Ki haɗa da tafiyar minti 30, kwana biyar a mako, da sassafe ko bayan la'asar, gwargwadon yadda gwiwoyin suka yarda. In kina shayarwa ko kina shan maganin ciwon sukari, ki fara zuwa asibiti a tsara miki awon da ya dace kafin ki rage abinci.