Tambaya da Amsa: Kalkuleta da Lissafin Ƙidaya a Jarrabawar JAMB

TAMBAYA: Malam, ina shirin zana jarrabawar JAMB, na kuma haddace fomulolin nPr (ƙirga hanyoyin jera abubuwa) da nCr (ƙirga hanyoyin zaɓen abubuwa), amma idan tambaya ta zo sai na rasa wadda zan ɗauka a cikinsu. Shin kalkuleta ba za ta fisshe ni ba? Ɗaliba daga Gusau.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Da farko ki sani cewa hukumar ba ta yarda a shiga ɗakin jarrabawa da kalkuleta ba, sai dai a yi amfani da wadda take cikin kwamfutar, don haka kada ki dogara da maɓallin nCr da hannunki ya saba da shi a gida.

Ko da ma an bar ki da taki, ba za ta warware miki wannan matsala ba, domin kalkuleta ba ta karanta tambaya. Abin da za ki fara tambayar kanki shi ne: idan aka sauya jerin waɗanda aka zaɓa, sakamakon zai sauya? A ce za a fitar da shugaba da mataimaki da ma'aji daga ɗalibai 8. Kujerar shugaba tana da mutum 8 da za su iya hawanta, ta mataimaki saura 7, ta ma'aji saura 6, wato 8 × 7 × 6 = 336, kuma wannan shi ne nPr ko ba a kira sunansa ba. Amma idan kwamitin mutum 3 kawai ake so, babu muƙami, to kowane rukuni an ƙirga shi sau 6 ke nan, tunda mutum 3 suna iya jeruwa ta hanyoyi 3 × 2 × 1. Sai ki raba 336 da 6, ki sami 56, wato nCr.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ɗalibai kan yi wa riƙon sakainar kashi. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, kuma 40 daga cikinsu na lissafi ne. Idan aka ce ki zaɓi 2 daga 20, kada ki tsaya buga 20! (wato 20 × 19 × 18 har zuwa 1) a na'ura; tunda fomular ita ce 20! a sama, 18! × 2! a ƙasa, ki soke 18! sama da ƙasa a takardar gwaji, sai 20 × 19 ÷ 2 ya rage, wato 190. Shawarata ita ce ki ɗauko tsoffin tambayoyi, kafin ki taɓa lamba ki rubuta a gefen kowace ɗaya ko jeri yana da tasiri ko babu.